Karce Biyu a Bututun Madara

Ranar da jami'an lafiya suka yanko bututun, ina tsaye a wurin, don ni ce shugabar ƙungiyar masu shanun madara ta Otter Fork, kuma masana'antar cukun tamu ce mu duka. Guntu ne da bai fi tsawon hannu ba, can bayan tukunyar dafa madara, inda sai mutum ya durƙusa yake iya gani. Wata jami'a ta haska cikinsa ta miƙo mini.

Bututun madara cikinsa sumul yake kamar faranti. Wannan kuwa, daidai mahaɗar, ya yi baƙi ya yi gurji kamar ƙanzo.

"A nan ƙwayoyin cutar suka yi gida," in ji ta. "Ruwan wanki ba ya shiga waɗannan ramukan. Wa ya yi muku wannan waldar?"

Ban sani ba. Babu wanda ya sani. Ba mu sa kowa gyara a wurin ba. Wani ne ya yanke bututun ya sake haɗa shi a ɓoye, madarar da aka riga aka dafa ta yi ta bi ta kan ƙazanta tana shiga cuku. Mutum uku sun kwanta. Ɗaya daga cikinsu Janelle Ott ce, mai tsohon ciki. Ta haihu lokaci bai yi ba, jaririn yana cikin kwalba a asibitin Madison.

Aka rufe masana'anta. Saniya kuwa ba ruwanta da rufewa. Safe da yamma muna tatsa, mu ja tanki zuwa bayan gona mu zubar. Ƙanena Curtis, wanda yake tuƙa motar ɗaga kaya a masana'antar, shi yake taya ni. Sai mu tsaya muna kallon farin ruwa yana shiga ƙasa.

Gari bai ɓata lokaci ba wajen samun wanda zai zarga. Pakou Lor ita ta karɓi aikin waldar masana'antar tun da Baba Emil Blumer ya ajiye. A Wausau aka haife ta, nan cikin jiharmu, amma har yanzu akwai masu ce mata "baƙuwar nan". Kafin mako ya zagayo an fasa mata gilashin shago da dutse.

Shi ya sa na tafi wurin Orval Tollefson.

*

Orval ɗan sandan gunduma ne da ya yi ritaya. Yanzu idan mafarauci ya harbi barewa ta gudu da rauni, shi ake kira ya bi sawu, shi da tsohuwar karyarsa Mabel. Na same shi a bakin ƙofa yana shafa wa gwiwarsa man zafi.

"Marlys, ni barewa nake bi yanzu," ya ce. "Barewa ba ta ƙarya, kuma ba ta da lauya."

"'Yan sanda sun ce sai jami'an lafiya sun gama rahoto. Kafin nan an ƙona wa yarinyar nan shago."

"Ban san komai a walda ba."

"Ni ma ban sani ba. Riƙe."

Jami'an sun tsaga guntun biyu sun bar mana rabi. Ya ɗaura tabarau, ya yi ta juya shi a rana. Bai ko kalli baƙin da ke cikinsa ba. Waje yake dubawa, gefen waldar.

"Kin ga wannan?"

Wasu 'yan karce ne, biyu-biyu, a jere, suna bin waldar zagaye. Tazararsu ɗaya, kamar an auna.

"Wani abu ya yi tafiya a nan," ya ce. "Kuma ƙafarsa ba lafiya."

Ya numfasa, ya kira karya, ya ɗauko hula.

*

Pakou tana like tagar da kwali muka iso. Ba ta yi mana tayin zama ba.

"Shugaba, in kama ni kuka zo yi, bari in kashe gas tukuna."

"Koyo na zo," in ji Orval. "Me yake yin irin wannan sawun?"

Ta karɓi guntun, ta dube shi, ta yi tsaki mai tsawo. Sannan ta jawo hannun waldarta, abin da ake riƙewa wuta ta fito, ta warware shi a kan tebur. A baki akwai ɗan ƙoƙon tangaran ruwan hoda. A tsakiyarsa tsinken ƙarfe mai tsini, wanda wutar take fita ta kansa, da mariƙin da yake damƙe shi, da wata 'yar rariya.

"Farin ƙarfe ba ya shiri da iska in ya yi zafi," ta ce. "Gas yake fitowa ta rariyar nan, ƙoƙon ya tattara shi ya lulluɓe wurin. Duk waɗannan masu ƙarewa ne, Kawu. Ba a gadonsu. Tsinke in bakinsa ya tsage ko ya ɗauki datti, wuta ta dinga yawo kenan kamar mashayi a kan hanya. Ka wasa shi, in ya ƙi ka jefar. Mariƙi in ya murɗe, ka ɗaure iya ƙarfinka tsinken yana zamewa. Rariya ta toshe, gas ya fito gefe guda."

"Ta yaya mutum zai san lokaci ya yi?"

"Aikin ne yake gaya maka. Walda mai lafiya launin zuma take. Da ta fara toka-toka, ajiye ka duba. Wannan mutumin aikinsa ya yi ta yi masa ihu, ya toshe kunne. Kuma bai cika cikin bututun da gas ba, shi ya sa cikin ya ƙone. Sauri yake yi."

"Karcen fa?"

"Ƙoƙonsa ne. Bakin ya ɓalle wuri biyu. Ya jingina shi a jikin bututun yana mirgina shi hagu da dama, yadda ake tafiya da ganga. Kowane taku ya bar alama." Ta ajiye guntun. "Ni ba na jingina ƙoƙo a bututun madara. Ku je ku duba duk mahaɗar da na yi a masana'antar. Mirgina ƙoƙo salon Baba Emil ne, da waɗanda ya koya wa."

"Su wa ya koya wa?"

"Rabin mazan garin nan. Ciki har da wanda ya fasa mini taga, ina jin."

Muna fita ta ce da ni, "Shugaba, 'yata ta tambaye ni ko za mu koma Wausau. Ban ba ta amsa ba tukuna."

*

Na ce wa Orval mu je gidan Vern Rindy. Vern ya daɗe yana cewa a sayar da masana'antar wa babban kamfani a huta, kuma bakinsa ya fi na kowa zafi a kan Pakou. Ni dai zuciyata ta riga ta yanke masa hukunci.

Muka same shi a garke yana zagin wata saniya.

"To, Shugaba ta kawo mini ɗan sanda da kare! Mabel, zo ki shinshina ni."

Mabel ta kwanta a kan ciyawa ta rufe ido.

"Kana walda, Vern?" in ji Orval.

"Ina yi mana. Ga ƙofar can, aikina ne."

Orval ya je ya duba. Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Dunƙule-dunƙule ne kamar kashin kaji.

"Ka koya wurin Emil?"

"Ya kore ni a rana ta biyu. Wai hannuna na riƙe cebur ne." Ya tofar da yawu. "Ku tsaya. Kuna nufin ni zan zuba guba a cukun da jikokina suke ci? Na ce a sayar, ban ce a kashe mutane ba. Marlys, tare muka yi makaranta!"

Na ji kunya, na sunkuyar da kai.

"In masu mabuɗi kuke nema," ya ce, "tsohon naku Emil bai taɓa mayar da nasa na masana'anta ba. Kuma bai daina walda ba. Teburin suyar kifi na 'yan kwana-kwana, wa ya yi shi da bazara?"

Muka bi ta ofishin 'yan kwana-kwana. Teburin farin ƙarfe ne, ƙafafunsa bututu. Orval ya durƙusa da ƙyar, yana nishi, ya bi mahaɗar da yatsa. Waldar kyakkyawa ce, launin zuma. Amma a ƙafa ta ƙarshe ga karce yana bin ta taku-taku.

"Guda ɗaya," ya ce. "A nan ɗaya ne. A bututunku biyu."

*

Baba Emil ya ba tamanin baya. Shi ya haɗa kusan duk bututun masana'antar tun ina yarinya. Ya buɗe mana ƙofa yana ƙanƙance ido, sai da na yi magana ya gane ni.

"Marlys 'yar Hefty ce? Shigo, shigo. Wa ke tare da ke?"

Orval ya sa masa guntun a hannu. Tsohon bai kai shi kusa da ido ba. Babban yatsa ya bi da shi a kan waldar, a hankali, ya zagaya, ya sake zagayawa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ni ne," ya ce.

"Baba!"

"Ni ne, 'yata. Na ga yana ɗiga, na shiga ranar Lahadi na gyara. Tsufa ne. Ku gaya musu su ƙyale yarinyar nan Pakou."

Orval bai yi musu ba. "To, shi ke nan. Ko za mu samu gahawa, Emil? Tun safe muke yawo."

Tsohon ya ɗauko buta. Kafin ya cika kofi ɗaya, rabi ya zube a tebur. Hannun yana rawa kamar ganye.

Da za mu tafi Orval ya ce zai leƙa gareji. Kayan aiki duk suna rataye a wurarensu. Amma a kusurwa akwai fili a ƙasa, inda ƙura ba ta kai ta sauran wurin kauri ba, da sawun ƙananan tayoyi zuwa ƙofa.

"Ina injin waldar?"

"Na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mai wucewa."

A mota na ce, "Ƙarya yake yi."

"Ƙarya yake yi. Takun da ke jikin bututun nan ba na mai rawar hannu ba ne. Kuma mutumin da ba ya iya ɗaure takalminsa ba zai durƙusa bayan tukunya ba." Ya murza ido. "Ya gane hannun da ya yi aikin, Marlys. Yatsansa ya gaya masa. Wani yake karewa."

"Wa?"

"Ƙoƙon ya bar hannun Emil da ɓalli ɗaya. Ya isa bututunku da biyu. A tsakani ya yi aiki a wani wuri. Dabba mai rauni ba ta tashi sama. Sai ta taka ƙasa."

Kwana biyu muna zagaya gonaki. Ya duba tankuna, ya duba ƙofofi, ya duba tirelar kwale-kwalen limamin coci. Mutane suka fara yi mana dariya. Wasu suka daina gaishe ni. Ba mu samu komai ba.

*

Da safe Orval ya zo gonata don ya ce ya gaji. Ina ba maruƙa madara. Ita kaɗai ce madarar da ba ma zubarwa. Ya jingina da amalanken da nake tura tankin madararsu a kai, ya dafa mariƙinsa.

"Gwiwata ta ce ta gama, Marlys. Mu kai wa 'yan sanda abin da muka samu, su..."

Na juyo. Yatsansa yana kan mahaɗar mariƙin, yana tafiya a hankali. Ya ciro tabarau ya sunkuya.

Waldar toka-toka ce. A gefenta karce biyu-biyu, a jere.

"Yaushe wannan ya karye?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Farkon kaka."

"Wa ya gyara miki?"

Wani ɗan maraƙi yana ta tunkuɗar bokitin da ke hannuna. Na sake shi ya kife. Kullum sau biyu nake kama mariƙin nan. Na tuna ranar da aka ɗauke shi a bayan mota aka dawo da shi a gyare, har na ce, ashe karatun Baba Emil bai tafi a banza ba.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji Orval. "Zan iya mantawa na gani, in kin ce in manta. Na yi ritaya."

Na zauna a kan buhun dusa. Na tuna mahaifiyarmu. Na tuna Pakou da kwalin tagarta.

"Kira taro," na ce.

*

Da la'asar muka haɗu a ɗakin cin abincin ma'aikata. Pakou ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Vern ya zauna gaba yana kaɗa ƙafa. Wani maƙwabci ya kawo Baba Emil. Sauran manoma da ma'aikata suka cika bango. Curtis yana can baya, kusa da injin gahawa.

Orval ya jera abu uku a tebur: ƙafar teburin kifi da ya kwanto, mariƙin amalankena, da guntun bututu. Ya yi bayani a gajarce, kamar mai son ya je gida. Ƙoƙo ɗaya ne ya yi su duka. Da bazara ɓallinsa ɗaya, waldar tana da kyau. Farkon kaka ya zama biyu, waldar ta fara toka. Da ya isa bututu, tsinken ma ya tsage, wuta tana yawo.

"Ba aikin Pakou ba ne," ya ce. "Ba na Vern ba ne, Allah bai ba shi wannan baiwar ba."

Babu wanda ya yi dariya, sai Vern da ya yi gyaran murya.

"Emil ya ce shi ne. Ya faɗa gaban shaida. In babu mai wata magana, gobe zan kai shi ya maimaita gaban 'yan sanda."

"Ni ne," in ji tsohon, da ƙarfi. "Na faɗa na ƙara."

Ban waiwaya ba. Na ji dai an ja kujera a baya.

"Baba, ya isa."

Curtis ya taho gaba. Fuskarsa ta yi fari fat. Bai kalli kowa ba sai guntun bututun.

"Ranar Lahadi ce, ranar wanki, ni kaɗai. Na ja mota baya na daki bututun, ya lotsa ya tsage. An riga an ja mini kunne sau biyu. In aka kore ni, alƙali zai mayar da 'yata Tessa wurin uwarta a Arizona. Aikin nan ne kaɗai hujjata." Ya dubi tsohon. "Injin Baba yana bayan motata tun bazara."

"Na ce maka ka canza ƙoƙon," in ji Baba Emil. Muryarsa ta karye. "Ranar da na ba ka na ce maka. Na gama teburin nan, yatsana ne ya ji karcen, idona bai gani ba. Shi ya sa na ajiye aikin. Na ce, yaro, ƙoƙo da tsinke, kafin ka kunna."

"Ka faɗa, Baba. Kullum cewa nake gobe zan biya shago in sayo sababbi." Ya juyo gare ni. "Yaya, na ga tana yin baƙi. Ina yi ina gani. Na ce ai ba ta ɗiga, za ta riƙe. Da aka ce Janelle ta kwanta, na so in faɗa. Kowace safiya muna zubar da madara ina cewa yau zan faɗa miki."

"Ka bari aka jefi shagona," in ji Pakou daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na bari."

Vern ya miƙe, ya cire hula, ya juya wajenta. "'Yar nan, ni dai... bakina ya yi yawa."

"Ya yi," ta ce. "Gilashin yana nan yana jiran mai sa shi." Ta dube ni. "Shugaba, zan sake haɗa bututun. Amma kowace mahaɗa sai mutum biyu sun leƙa cikinta da madubi. Ke ce ta biyun."

Na ce to.

*

Daga baya an buɗe masana'antar, ko da yake manyan masu sayenmu biyu ba su dawo ba. Jaririn Janelle ya fito daga asibiti da raunin ji a kunne ɗaya. Curtis ya amsa laifinsa gaban alƙali. Mahaifiyarmu ta yi wata da watanni ba ta ɗaga wayata, don a ganinta ni na miƙa ɗanta. Baba Emil bai sake karɓar injinsa ba.

Wannan duk daga baya ne. A ranar, Orval ya ce shi zai kai Curtis da motarsa, ba sai an turo masu kaki ba. Curtis ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya ciro mabuɗin gidansa ya ba ni.

"Tessa tana wurin koyon ƙwallo. Tana tashi yanzu. Ba ta cin albasa, Yaya."

Na je na ɗauko ta. Shekararta tara. Ta shigo ta jefa jaka a baya, tana ba ni labarin wata da ta faɗi a fili. Sai da muka wuce kwanar gidansu ba mu shiga ba ta juyo ta dube ni.

"Gwaggo, ina Babana?"

Tun daga masana'anta nake shirya ƙarya mai laushi. Aiki ya riƙe shi, zai dawo gobe ko jibi. Na gangara gefen hanya, na kashe mota, na juyo na fuskance ta.

"Babanki ya yi kuskure babba, ya ɓoye, mutane suka cutu," na ce. "Yau ya tashi gaban kowa ya ce shi ne. Yanzu ya tafi ya faɗa wa hukuma."

Ta daɗe tana kallon takalminta.

"Zai dawo?"

"Zai dawo. Ba yau ba."

Ta goge hanci da hannun riga. "A gidanki zan kwana?"

"A gidana. Amma sai mun yi tatsa tukuna."

Ta jawo bel ɗin kujera ta ɗaura da kanta.